Sanyin Kan Tudu: Daga Hanyar Jos Zuwa Duwatsun Alps

A ƙarshen watan Satumba, damina na ban kwana, kawuna ya ɗauke ni a motarsa daga gidanmu na Kinkinau za mu Jos. Har mun fito ƙofar gida sai ya ce, "Kai yaro, koma ka ɗauko rigar sanyi." Na yi dariya a zuci, domin a lokacin gumi nake yi, na ƙi komawa. Muka bi ta Pambeguwa da Saminaka lafiya lau. Muna wuce Jengre, hanya ta fara hawa, sai hadari ya haɗo, ruwa ya kece da ƙanƙara kamar ana jifan motar da tsakuwa. Kawu ya kunna fitila, ya raɓe gefen hanya. Ni kuwa haƙorana sai kaɗawa suke yi. Kwana uku na yi ina fama da mura.

Da na koma makaranta na ba malaminmu na labarin ƙasa labari, shi ne ya warware mini dalili. Ashe iska daga ƙasa take samun yawancin ɗuminta, kuma in ta yi sama sai ta buɗe ta huce. Saboda haka duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Kaduna tana kan tudun mita 600 ne ko kusa da haka, Jos kuwa wajen mita 1,200. Watau tun kafin ruwa da iska su ƙara nasu, akwai bambancin wajen digiri 4 tsakaninsu.

To, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu ɗauki wannan lissafi mu kai shi Turai, inda duwatsun Alps suke. Su ma a watan Satumba kakarsu take kamawa. A ce direba ya tashi daga wani kwari mai tudun mita 500, ma'aunin zafi na nuna digiri 12, ana ɗan yayyafi. Zai bi ta mashigin Babban San Barnad, tsakanin Suwizalan da Italiya, wanda tudunsa mita 2,469 ne. Hawan kusan mita 2,000 ke nan, sai a ɗebe digiri 13. Me ya rage? Ɗaya ƙasa da sifiri! Yayyafin nan da ya baro a kwari, a can sama dusar ƙanƙara ce, alhali hunturu bai ko ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ba kullum hakan ke faruwa ba, sai ranar da iskar sanyi ta haɗu da hadari, amma wa ya san ranar? Hanya takan yi santsi, birki ya ƙi ci, har sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa. Shi ya sa akan rufe wannan mashigi tun daga watan Oktoba har wajen Yuni, motoci su koma bi ta ramin da aka haƙa cikin dutsen, wanda aka buɗe a 1964.

Kada fa a ruɗe: abin da ya jefe mu a hanyar Jos ba dusar ƙanƙara ba ce. Ƙanƙara can cikin dogon hadari mai tsawa take daskarewa, ta faɗo dunƙule ko da ana zafi a ƙasa. Ita kuwa dusa mai laushi ce kamar auduga, ba ta sauka sai iskar da ke kusa da ƙasa ta yi sanyi kusan sifiri.

Na tambayi malam ko za a iya ganinta a Nijeriya, tun da dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba ya kai mita 2,419, kusan daidai da wancan mashigi. Ya ce in lissafa da kaina. In zafin bakin teku digiri 30 ne, a ƙwanƙolin dutsen za a sami wajen 14, da sauran tafiya kafin sifiri. A ƙasashe masu zafi irin namu sai dutse ya yi tsawo ƙwarai, kamar Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895, sa'an nan ake ganin fari a kansa.