Amsoshin Tambayoyinku: Kayan da Matafiyi Zai Shigo da Su Nijar Ba Haraji

Wani mai sauraro daga Kornaka, a gundumar Dakoro, yana tambaya ko wane kaya matafiyi zai shigo da shi daga Najeriya ta iyakar Ɗan Issa ba tare da biyan kuɗin duwan ba.

Duwan, wadda ake kira kwastan a Najeriya, ita ce hukumar da ke karɓar haraji a kan kayan da ke ƙetare iyaka, kuma ta bambanta kayan amfanin kai da na sayarwa. Tufafin da mutum yake sawa, wayarsa ta hannu da 'yar tsarabar iyali ba a biya musu, amma idan atamfa ta kai dila, ko takalma suka cika buhu, jami'i zai ɗauke su hajar kasuwa ko da mai su ya rantse na biki ne. Irin wannan haja tana faɗawa cikin jadawalin harajin da ƙasashen Afirka ta Yamma suka fara aiki da shi a 2015, mai matakai biyar daga kashi 0 zuwa 35 cikin ɗari, ban da harajin TVA na kashi 19. Ɓoye kaya na jawo ƙwacewa da tara, saboda haka ya kamata matafiyi ya bayyana abin da ya ɗauko, ya kuma karɓi rasit.