Tsakuwar matsarmama da juna biyu

Tambayar yau daga kasuwar Adjamé a Abijan ta fito. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce ƙanwarta na da cikin wata 5, da ta ci aloko da soyayyen kifi sai ciwo ya turniƙe saman cikinta har gadon baya, ga amai. Likita ya ce tsakuwar matsarmama ce ta kumbura mata fankiriyas.

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Juna biyu kan sa matsarmama ta yi nawa wajen zubar da ruwanta, sai tsakuwa ta taru. Idan ɗaya ta toshe bututun da matsarmama ke haɗuwa da fankiriyas, ciwon ke nan.

Wannan ciwo na kwanciya a asibiti ne: ƙarin ruwa, maganin zafin ciwo, gwajin jini da hoton sikanin, wanda ba ya cutar da ɗan da ke ciki. Likitoci kan fi son cire matsarmamar ta ƙananan huji tsakanin wata 4 zuwa 6, domin in an bar ta ciwon kan dawo.

Don Allah kada a saya mata ƙwayoyi a kasuwar magunguna ta Roxy, kada a ba ta jiƙe-jiƙe. A kai ta asibitin koyarwa na Treichville yau.