Darasi na Tara: Hoton Hanta

Ɗalibai, hanta tana iya lalacewa ba tare da mutum ya ji zafi ba. A Maikunkele, idan idon mutum ya zama ruwan ɗorawa, wasu sukan ce shawara ce, su ba shi jiƙo. Ku dai ku kai shi asibiti. Likita zai gwada jininsa. Idan yana son ganin hantar sosai, zai sa a ɗauki hoton MRI. Na'urar tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, ba a yanka jiki. Hoton yakan nuna ƙari, kitse ko tabo. Kafin majinyaci ya shiga, sai ya cire agogo da makulli, domin maganaɗisu yana jan ƙarfe.

Tambayoyi
1. Me hoton yakan nuna?
2. Don me ake cire makulli?