Darasin Wannan Mako: Yaron da Ke Tsoron Zuwa Na Ƙarshe a Tsere



Hunturu ya kankama, kuma kamar kowace shekara makarantun garin nan na Potiskum sun shiga shirin gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, wadda yaranmu ke kira intahawus. An raba riguna, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, ana ta share fili ana ja masa layi. A makon jiya bayan La'asar wani ɗan'uwanmu mai sayar da hatsi ya tsayar da mu a ƙofar masallaci da wata magana da shi ya ɗauka ƙarama ce. An sa sunan ɗansa mai shekara 13 a gudun mita 1500, kuma tun daga ranar yaron ya rasa sukuni. Ranar gwaji ta farko ya ce cikinsa na ciwo. Ta biyu ya ce takalminsa ya tsinke. Da mahaifiyarsa ta matsa masa sai ya fashe da kuka, ya ce shi gudun bai dame shi ba, abin da yake tsoro shi ne ya zo na ƙarshe a gaban mutane. Uban ya ce mana, "Malam, ni dai na ce masa in ba zai iya ba ya bari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Mun nemi izininsa mu kawo maganar nan, don ba gidansa kaɗai ba ne. Mun san samari majiya ƙarfi da suka cike takardar neman aikin soja, da ranar tantancewa ta zo suka ƙi hawa mota zuwa Damaturu saboda an ce akwai gudun wajen kilomita uku. Ba wanda ya kayar da su. Su suka cire kansu tun daga gida.

Bari mu fara da lissafi mai sauƙi. In yara takwas suka tsaya a kan layi, dole ɗaya ya zo na takwas. Ko da za a tara zakarun duniya takwas, haka abin yake. Na ƙarshe matsayi ne da tsere ba ya yiwuwa sai da shi. To me ya sa yake da nauyi haka a zuciyar yaro? Ido ne. Kuma a nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin nauyin daga gida yaro yake ɗauko shi. Mu baƙi ne a garin nan ko 'ya'yan baƙi. Iyayenmu sun zo daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram da 'yar jarinsu, suka zauna cikin Ngizim da Karekare da Bolewa, kuma baƙo kullum ji yake ana kallonsa. Shi ya sa kalmar da ta fi saurin fita daga bakinmu in yaro zai fita ita ce, kada ka ba mu kunya. Sannan sana'armu ma ta koya mana ƙin zama a baya. Wanda ya makara zuwa kara ranar Laraba ya san shanun kirki sun riga sun shiga hannu. A kasuwa wannan gaskiya ne. Kuskuren shi ne mu ɗauki ma'aunin kasuwa mu ɗora wa yaro ɗan shekara 13 a filin makaranta, inda ba a asarar ko kwabo.

Wannan kunya tsohuwa ce, ba mu muka fara ta ba. Larabawan da can sun ba dawakan sukuwa goma suna gwargwadon isowarsu. Na farko Mujalli, na biyu Musalli, har zuwa na tara da suke kira Laɗim, wato wanda ake mari, da na goma Sukait, daga kalmar shiru, don an ce mai shi ba ya iya buɗe baki in an tambaye shi. Kun ga ashe ko a lokacin, dokin ya gama gudunsa yana cin ciyawa, mai dokin ne kunya ke cinyewa.

A cikin wannan al'umma ce aka yi abin da Bukhari ya ruwaito daga Anas, Allah Ya ƙara masa yarda. Manzon Allah (SAW) yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Wata rana wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan matashin raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Sahabbai ciwo ƙwarai. Shi kuwa mai taguwar bai nemi a sake ba, bai ce an yi maguɗi ba, sai ya nuna musu cewa haka Allah Ya tsara duniya, duk abin da ya ɗaukaka a cikinta sai ya sauko wata rana. Abu Dawuda kuma ya kawo cewa ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake shi ya wuce ta, ya yi mata raha cewa an rama. Tseren mutum biyu ne, saboda haka wanda aka wuce shi ne na ƙarshe. Iyaye mata su lura da wannan, don 'yan matanmu ma suna gudu a makarantunsu, kuma su dariya ta fi saurin korar su daga fili.

Akwai wani abin da malaman wasanni ya kamata su duba a ruwayar Ibn Umar. Da aka shirya sukuwa a Madina, dawakan da aka horar an ba su daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, wajen mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba kuwa aka ba su daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, wajen mil ɗaya. Kowa da tazarar da ta dace da shi. Sau da yawa yaron da aka bari can baya da rabin fili ba rago ba ne, an dai cusa sunansa ne a gudun da bai shirya masa ba don gidansu ya cike gurbi.

Yanzu mu tsallaka zuwa zamaninmu. Ranar 20 ga Oktoba 1968 aka yi gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Meziko. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195. Daga nan zuwa Damaturu kusan kilomita 100 ne, to ku ƙiyasta ya ɗara kashi biyu cikin biyar na hanyar, a ƙafa. Birnin yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,200, inda numfashi ke wahala ga wanda bai saba ba. Mutum 75 suka tashi. Mamo Wolde na Habasha ya yi na ɗaya cikin awa 2 da minti 20. A cikin masu gudun akwai John Stephen Akhwari daga Tanzaniya. Wajen kilomita na 19 aka yi turereniya ya faɗi, gwiwarsa ta goce, kafaɗarsa ta bugu. Aka ɗaure masa ƙafar ya tashi ya ci gaba, yana ɗingishi yana ɗan sassarfa. Sai bayan fiye da awa ɗaya da isowar Wolde ya shigo filin, duhu ya yi, an riga an raba lambobi, yawancin 'yan kallo sun watse. 'Yan dubban da suka rage suka miƙe tsaye suna tafa masa har ya taka layi, a awa 3 da minti 25. Shi ne na 57, kuma na ƙarshe. Da aka tambaye shi me ya hana shi tsayawa, amsar da ya bayar ma'anarta ita ce ƙasarsa ba ta turo shi wannan uwa duniya don ya fara gudu ba, ta turo shi ne ya gama.

Ku sake duba lissafin. An tashi 75, an iso 57. Mutum 18 ba su kai ba, kuma cikinsu har da Abebe Bikila, gwarzon Habasha da ya ci wannan gudu a 1960 da 1964, wanda ciwon ƙafa ya fitar da shi a hanya. Ashe na ƙarshen yana gaban mutum 18. Kuma bayan shekara biyu, a gasar ƙasashe rainon Ingila ta 1970 a Edinburgh, wannan Akhwari ɗin shi ya zo na biyar.

Sai dai mu yi hattara, kada wani uba ya karanta wannan ya tilasta wa ɗansa gudu da rauni. Akhwari babban mutum ne mai shekara 30 da ya yanke wa kansa shawara. Yaron da ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashinsa ya sarƙe, ya tsaya nan take. Mai asma da mai sikila kuwa a kai su wurin likita tukuna kafin a sa sunansu, balle a wannan ƙura ta hunturu.

To ina mafita ga yaro mai lafiya da tsoro kawai ya riƙe? Abu na farko da muka gani da idonmu shekara da shekaru shi ne yawancin masu ƙarewa can baya a dogon gudu su ne waɗanda suka fi kowa zafi a tashin farko. Tsoron ne ke ingiza su. Da an busa usur sai yaro ya zuba da gudu kamar an biyo shi, ya wuce kowa a zagayen farko, gidansu na ihu, a zagaye na biyu ƙafa ta yi nauyi, a na uku yana riƙe da kwiɓi. A fili mai mita 400, gudun mita 1500 zagaye uku ne da mita 300. Yaro ya san wannan lissafin tun kafin ranar, ya yi zagayen farko da saurin da zai iya furta kalma biyu ko uku ba tare da haki ya tare shi ba, ya bar masu zafi su tafi. Zai same su a gaba. Sannu ba ta hana zuwa, wannan karin maganar a dogon gudu ta fi ta muguwar rawa amfani.

Sannan a ba shi abokin tsere wanda ba ya dariya, wato agogo. Kowane gida akwai waya. Kwana uku a mako, da sassafe kafin rana ta ɗaga, yaya ko kawu ya fita da shi, ya yi gudu minti biyu ya taka minti ɗaya, a riƙa ƙara gudun ana rage takawar har mako huɗu zuwa shida. Ƙarshen kowane mako a auna tazarar a rubuta lokacin a bayan littafi. Yaron da ya ga lokacinsa ya sauko daga minti tara zuwa takwas ya samu abin da zai shiga fili dominsa ko wa ya riga shi. Ya sha ruwa, kada ya cika ciki da tuwo dab da gudu, kada kuma ya sa sabon takalmi ranar gasa. Faɗuwar gaba da bushewar baki a kan layi kuwa, a gaya masa kowa na jin su, har wanda zai zo na ɗaya. Jiki ne ke shirin aiki, kuma da an yi mita ɗari sukan lafa.

Akwai wata tambaya da muka yi wa yara goma sha a makarantar dare: wa ya zo na ƙarshe a mita 1500 bara? Suka yi ta kallon juna. Na ɗaya sun tuna shi, har da launin rigarsa. Ku gwada wannan a gida. Inda ake tuna na ƙarshe shi ne inda wani ya laƙaba masa suna, kunkuru ko hawainiya, sunan ya bi shi aji ya bi shi unguwa. Wannan kuwa kun san aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma ba ta ware filin wasa ba. Abin takaici, wani lokacin babba ne ke fara sa sunan, da sunan wasa.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna da jagaba mai shige gaba, amma ba a cewa ayari ya sauka sai jakin ƙarshe ya shigo zango da kayansa. Masu koro shanu zuwa kara ma a baya suke tafiya. Turawa sun kama wannan dabara a wani gudun kilomita biyar na kowace Asabar mai suna parkrun, wanda aka fara a Landan a 2004 da mutum 13. Suna sa ɗan sa-kai ya taka a bayan kowa, saboda duk wanda ya fito ya san ba shi zai rufe layi ba. Ba abin da zai hana malamin wasanni ko wani babban ɗalibi yin haka a ranakun gwaji. Ranar gasa kuma, mu iyaye da muka rufe shago muka je, kada mu tashi da zarar na ɗaya ya iso. Minti biyu ne kawai. Mu tsaya a bakin layi har na ƙarshe ya taka shi, ko ɗan waye.

In yaro ya dawo gida, tambayar farko kada ta zama na nawa ka zo. A tambaye shi ko ya gama, a tambaye shi minti nawa, a ba shi ruwa.

Shi ɗan'uwanmu mai hatsi mun sake haɗuwa da shi shekaranjiya. Ya ce ya janye maganar muguwar rawa, kuma ƙaninsa ya fara fita da yaron bayan Asuba a hanyar bayan unguwarsu. Ranar farko ya tsaya sau huɗu, jiya sau biyu. Gasar tasu saura mako uku, kuma Alhaji ya ce ranar yaron shago ne zai zauna a rumfa, shi yana fili.