Daga Katsina Zuwa Jidda: Nisan Tafiya Ta Sama

Duk shekara idan aikin hajji ya gabato, a majalisun Ƙofar Kwaya da ke Katsina ba a rasa gardama kan nisan ƙasa mai tsarki. Wani ya ce awa huɗu ne, wani ya rantse shi awa bakwai ya yi. Jama'a, ya kamata mu san lissafin nan, don yana da amfani ga maniyyaci da iyalan da ya bari a gida.

Daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda, idan aka miƙe sak, kimanin kilomita 3,500 ne, wato kamar mutum ya yi tafiyar Katsina zuwa Kano sau 20. Babban jirgi yana cin kilomita 850 ko kusa da haka a awa guda, don haka awa huɗu zuwa biyar sun isa. Yakan nufi gabas, ya ratsa samaniyar Cadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Wannan hanya ce kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, ta Borno da Darfur har bakin teku a Sawakin, wasu shekaru suke yi, wasu kuma can suka zauna har yau jikokinsu na Sudan.

To, me ya kawo saɓanin? Na farko, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Alhajin da ya tashi ƙarfe 10 na dare, ya sauka ya ga agogon bango ya nuna 5 na asuba, sai ya ce awa bakwai ya yi, alhali biyar ne. Ran dawowa kuwa sai ya ga kamar uku. Mai jiran waya a gida ya riƙa tuna wannan, kada ya tada hankalin tsofaffi a banza.

Na biyu, jirgi ba kullum yake miƙewa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru, man da ake ƙonawa ya ƙaru. Ba laifin matuƙi ba ne, kuma ba ɓata ya yi ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, maniyyaci ya tambayi jami'an hukumar alhazai inda jirginsa zai sauka da inda za a fara kai shi. Wanda zai fara da Madina ba ya buƙatar harami a jirgi, sai ranar fita zuwa Makka ya ɗauka a Zul Hulaifa. Wanda kuwa zai wuce Makka kai tsaye daga Jidda, ya nemi bayani wurin malaman bita tun yana Katsina, kuma kada ya kuskura ya cusa haraminsa cikin babbar jaka, domin ita ba zai sake ganinta ba sai an sauka.