Lamba Da Shakkar Iyaye

Lamba, watau riga-kafi, ita ce a sa wa jiki ƙwayar cuta matacciya ko raunanna, domin jini ya koyi yaƙinta tun ba ta zo da ƙarfi ba. Da lamba aka kawar da agana daga duniya a 1980.

To, me ya sa waɗansu iyaye, har a nan Zariya, suka ƙi ta? Shakkarsu tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, 11 suka rasu. Trovan ba riga-kafi ba ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka baza cewa ɗigon shan-inna yana hana haihuwa, Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da shi, cutar ta ƙetara ƙasashe tana gurgunta yara. Sannu a hankali sarakuna da malamai suka shawo kan jama'a, har a 2020 aka shaida asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun fita koyarwa, kada mu raina mai shakka. Mu saurare shi tukuna, sa'an nan mu bayyana masa dalili.