Tun da Sukari Ya Kama Maigida Ya Canza

Tambaya: Tun da aka gano ciwon sukari a jikin maigidana ya daina zuwa majalisa, ba ya barci, abu kaɗan sai faɗa, har shimfiɗa yana gudu. Ko sammu ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Waɗannan alamu sun fi kama da ciwon damuwa. Mai sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da damuwa ninki 2 zuwa 3. Maza kuma sukan ɓoye ta a cikin fushi da shiru. Sukari yana lalata jijiyoyi har ya rage ƙarfin namiji, kunya ta ƙara masa ƙunci. Damuwar kuma takan sa ya yi wasa da magani, sukarin ya hau.

Ki same shi ku biyu, ki ce, "Maigida, na ga ka rame, mu koma wurin likita." A auna sukari da hawan jini, a kuma gaya wa likita komai, har maganar shimfiɗa. Alamun da suka wuce mako 2 suna bukatar likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Ki nemi amininsa ya riƙa jan sa tattaki bayan La'asar.

Ki guji gori, da tramadol, da maganin maza na tasha. A haɗa addu'a da magani. In ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar.